Sunan da Baƙaƙen Rami Suke Kiran Kansu

Rifkatu ce ta tono mini wannan labari. 'Yar malamar asibitin da muke haya gida ɗaya da su ce a nan Gummi, kuma akwai wani wasa a wayarta wanda in ta fara shi, ko gobara ce ta tashi sai ta ce a jira ta gama. Ran nan na leƙa ta kafaɗarta na ga wata halitta, fata baƙa kamar gindin tukunya, gashi fari fat, kunnuwa masu tsinin da za a iya rataya guga a kansu. Na ce wace ce wannan mummunar. Ta ce ita ce. Wai a wasan kowa yakan zaɓi jinsin da zai zama, ita kuma ta zaɓi waɗannan masu zama a ƙarƙashin ƙasa. Sauran jinsuna suna ce musu baƙaƙen aljanu, amma su suna da sunan da suke kiran kansu, kuma duk wanda ya zo ƙofarsu da sunan 'yan waje, ba za su buɗe masa ba. Ta faɗa mini sunan, wani abu mai murɗe harshe, kafin in kai ɗakinmu na manta shi. Amma ni na san mutanen nan tun kafin a ƙera wayarta.

A ƙauyenmu na san su, can kusa da Zugu, a bakin murhun Kaka, mahaifiyar Babanmu.

A wajenmu gatana muke ce wa tatsuniya, kuma gatanar Kaka ba irin ta kowa ba ce. Wasu tsofaffi sukan zaunar da yara su yi ta ba su labari har su yi barci. Kaka ba ta yarda da wannan zaman banza ba. Da an gama tuwon dare, tsakanin magariba da lisha, sai ta jawo tabarmarta kusa da murhun da ke bayan zaure, ta zuba gyaɗa a toka mai zafi, ta ce, "Ga ta nan ta sha tahiya, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna, gida nata na." Daga nan sai ta raba mana aiki. Kai ne maharbi, ke ce mai ganye, kai ne ɗan sarki marar wayo. Ta kai mu wani wuri a cikin labarin ta tsaya, ta ce, "To, kun iso. Mi za ku yi?" Duk abin da ka ce za ka yi, sai ta miƙa maka rabin ɓawon gyaɗa ka jefa. In ya faɗi a buɗe, ka yi nasara. In ya kife, ka shiga uku. Ƙanena Nafi'u kura ta cinye shi a bakin murhun nan ya fi a ƙirga. Inna takan yi gunaguni ta ce wannan ai da caca ya yi kama. Kaka ta ce cacar da ba a asarar komai a cikinta sai barci, Allah ba ya kama tsohuwa a kanta.

Ni kullum mai magana take ba ni, wato jakadiya. Ba don girmamawa ba. Kowa ya san bakin Balki. An ce ranar sunana liman bai samu ya yi addu'a ba don na riga shi farawa. In Inna tana son unguwa ta ji wani abu, sai ta gaya mini ta ce kada in faɗa wa kowa.

Gatanar da muka fi so, wadda kuma ba mu taɓa gama ta ba, ita ce ta Baƙaƙen Rami. Wai a da can tare suke zaune da kowa a bisa ƙasa. Sai aka yi fari, su kuma gwanayen haƙar rijiya ne, suka shiga haƙa suna neman ruwa, suna ta sauka, suna ta sauka, har aka daina jin ƙarar dagi. Mutanen tudu suka tsorata, suka ce waɗannan sun zama wani abu daban, suka rufe bakin rijiyar da dutse. Tun daga nan duk akuyar da ta ɓata, Baƙaƙen Rami ne. Duk yaron da ya yi zazzaɓi, su ne. Sai wata shekara ruwan garin ya ƙafe ƙaf, ruwa kuma yana can ƙasa wajensu. Aka ture dutsen aka tura manzanni, wato mu. Can ƙasa akwai ƙofar ƙarfe, da mai tsaron ƙofa wanda ba ya magana da baƙo. Ƙofar ba ta buɗuwa sai ga wanda ya kira su da sunan da suke kiran kansu.

Babu sunan da ban gwada ba. Masu Dagi. 'Yan Ruwa. Sarakan Ƙasa. Na yi musu kirari, na yi musu ƙarya, na taɓa yi musu tayin Nafi'u kyauta. Kaka ce take riƙe mai tsaron ƙofa, ba ta ba kowa shi. Takan dube ni kawai ta girgiza kai. In ka matsa ka ce dole ya yi magana, sai ka jefa ɓawo, in ya buɗe mai tsaro zai amsa tambaya ɗaya. Amma in ka ce masa mene ne sunanku, sai Kaka ta yi hamma ta ce an kira lisha. Yayyenmu sun yi wannan gatana, samarin unguwa ma sun yi ta lokacin da suke yara. Babu wanda ya samu sunan.

Daren da nake son faɗa, ina 'yar shekara tara ko goma. An girbe gero, dawa tana tsaye ta fi mutum tsawo. A makon nan mutanen daji sun shigo gonakin gabas, sun kore shanun huɗa, sun harbe Bala, yayan Lawwali maƙwabcinmu, a kan kunyarsa. Mun ji kukan gidansu ta katanga. Bayan an binne shi garin ya canza. Samari suka daina zama gindin bishiya, suka koma wasa adda. Ana ta cewa akwai masu kai rahoto, kuma ana faɗin haka ana kallon wajen ruga. Rugar nan kuwa tun kafin a haifi Baba take wurin.

Ranar Baba ya tafi kasuwar Bukkuyum a babur, ya makara, ya kwana can, don babu mai bin hanyar nan bayan la'asar. Gida daga Kaka sai Inna sai mu.

Ana gab da magariba aka ƙwanƙwasa ƙofar baya, ta wajen turken awaki. Uwar Daso ce, wadda take kawo wa Kaka nono tun ina goye, babu ƙwarya a kanta, babu ɗankwali. Tana riƙe da Daso, 'yarta, sa'ata, wadda ƙaya ta huda wa ƙafa ta kumbura har ba ta iya takawa. Ban ji duk abin da suka faɗa ba, da Fulatanci suka yi rabinsa. Na dai ji an ce an tare su a hanyar komawa ruga, sun gudu, ana binsu. Matar ta durƙusa ta kama ƙafar Kaka. Sannan ta shige cikin dawa ita kaɗai, don da yarinya a baya ba za ta yi nisa ba.

Inna ta ce a saka Daso cikin rumbu.

Kaka ta ce, "Rumbu shi na wurin da za su hwara dibawa. Balki, kawo hijabinki."

"Wanne?"

"Sabon."

Ko a wannan hali sai da na ji zafin abin. Hijabin sallata ne, ruwan ƙwai. Kaka ta cire wa Daso awarwaro da 'yan kunne ta tura su cikin tukunyar dawa, ta zura mata hijabin ya rufe kitsonta. Amma akwai abin da hijabi ba ya rufewa. Daso tana jin Hausa, sai dai da ta buɗe baki kowa zai san daga ina ta fito. Kalma ɗaya ta isa.

Sai Kaka ta juyo ta dube ni. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ake yi wa tulu mai yoyo a ranar da ba wani.

"Ke kuma," ta ce, "yau in kin kashe ɗiyar mutane da bakinki, ke da Allah."

Ban taɓa jin harshena ya yi nauyi ba sai ranar. Ji na yi kamar na haɗiyi taɓarya.

Aka yi tuwo, babu wanda ya ci na kirki. Kaka ta jawo tabarma kamar kullum, ta zuba gyaɗa a toka, ta zaunar da Daso tsakanina da Nafi'u, a fili, inda wuta take haska kowa. Ta buɗe gatana muka amsa da murya kamar ta marasa lafiya. Ta raba aiki. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba.

"Daso, yau ke ta mai tsaron ƙofa. Kin san dokarsu? Ba su magana da baƙo. Ko an roƙe ki, ko an zage ki, ko sarki ya zo da kainai. Kin jiya?"

Daso ta ɗaga kai.

Muka shiga rijiya. Nafi'u ya jefa ɓawo ya kife, igiya ta tsinke da shi, bai ko yi ƙorafi ba. Kunnuwanmu duk suna waje. Karnuka suna haushi a bakin gari, sannan suka matso, sannan muka ji takun mutane da yawa da hasken tocila yana lasar katanga. Aka buga ƙofar gidan da ke gabanmu. Aka yi magana. Aka rufe. Kaka ba ta tsaya ba, tana ta siffanta mana sanyin ƙasan rijiya, tana juya gyaɗa da tsinke.

Sai sallama a zaurenmu.

Inna ta shige ɗaki. Gidan matan aure ne kuma mai gida ba ya nan, don haka suka tsaya a zaure, amma na san tsayuwar ba za ta daɗe ba. Wani yana cewa an ga sawu ya nufo nan. Kaka ta ɗaga murya.

"Wa nike ji kamar maigidana Lawwali? Shigo mana. Kai ɗaya, sauran su bari sai sun biya sadaki."

Tun yana yaro take kiransa maigidanta, irin wasan kaka da jika. Da can yakan ce shi ya sake ta tuntuni, ta tsufa. Ban da ranar. Ya shigo da adda a hannu, idanunsa jawur, ya durƙusa ya gaishe ta don jiki ya saba.

"Ya haƙuri?" Kaka ta ce.

"Da godiya. Kaka, wata mata muka nema, da ɗiya."

"Ga rumbu, ga ɗakuna, ga turke. Diba."

Ya duba. Mun ji ya ɗaga murfin rumbu, mun ji awaki sun watse. Ya dawo ya tsaya a kanmu, yana bin mu da tocila ɗaya bayan ɗaya. Lawwali ya san mu duka, shi ya cire wa Nafi'u haƙori. Hasken ya wuce ni, ya tsaya a kan hijabi ruwan ƙwai. Ya sauka zuwa ƙafar da ta kumbura. Ya koma fuskar.

"Wagga fa?"

Kaka ba ta ƙarya, ko a ciniki. Ta ce, "Mai tsaron ƙofa ta."

Ya sunkuya. "Ke, mi sunanki?"

Daso ta yi shiru.

"Magana nika yi miki. Ɗiyar wa ta ke?"

Daga zaure wani ya ce, "Lawwali, lahiya?"

A nan ne taɓaryar da na haɗiya ta fito. Ban shirya ba, bakin ne ya tafi da kansa kamar yadda ya saba.

"Yaya Lawwali, kai ma ka san ba haka aka yi ba. Tun magariba nike lallashinta, na ba ta gyaɗata, na ba ta Nafi'u, na yi mata kirari har muryata ta dushe, ba ta ce uffan ba, kai ka zo yanzu-yanzu ka ce sai ta amsa maka? Baƙaƙen Rami ba su magana da baƙo. In kana son amsa sai ka jefa ɓawo kamar kowa."

Da na rufe baki na gane abin da na yi. Na ba shi hanya. In ɓawon ya buɗe, dole mai tsaro ya amsa, kuma Lawwali ya san dokar sarai. Na dubi Kaka ina jiran ta ce an kira lisha. Ba ta ce ba. Ta tona toka, ta fasa gyaɗa ɗaya, ta miƙa masa rabin ɓawon.

"Gaskiya ta hwaɗi. Amshi."

Ya tsaya yana kallon abin a tafin hannunta. Ƙato da adda, yayansa bai daɗe a ƙasa ba, ana miƙa masa ɓawon gyaɗa. Na ɗauka zai buge hannun. Sai ya mayar da addar hannun hagu, ya karɓa, ya jefa.

Ya faɗi kusa da murhu, inda haske ya fi yawa. A buɗe. Na gani, Nafi'u ya gani, Kaka ta gani. Daso ma ta gani, don na ji ta cusa farcenta a cinyata, tabon yana nan har yau, ko da yake Inna ta ce wannan na ƙyanda ne.

Babu wanda ya motsa. Itace ya fashe a wuta. Na zaure ya sake kira.

Lawwali ya dubi Daso. Uwarta ta sha zuba masa nono a ƙoƙo yana ƙarami, ta ƙara masa gyara. Ban san ko shi ya tuna ba, ban san me ya tuna ba. Ya ɗaga ƙafa ya ɗora takalminsa a kan ɓawon, a hankali, har muka ji ya ruƙushe.

"Ya kife," ya ce.

"Ya kife," Kaka ta ce.

"Kullum haka na. Tun muna yara ban taɓa ci ba." Ya juya, a bakin zaure muka ji yana cewa, "Babu kowa. Tsohuwa ta da jikokinta. Mu tahi."

Sai da takunsu ya ɓace sannan Inna ta fito ta zauna a ƙasa ta fara kuka marar sauti. Kaka ta ci gaba da juya gyaɗar da ta riga ta ƙone.

Ni kuwa tsoro in ya sake ni, surutu yake bari. Na ce, "Kaka, ai da gaske ya buɗe. Muna bin mai ƙofa amsa ɗaya."

Ta ce, "To tambayi mai ƙofa."

Na juya. "Mi sunan da kuka kiran kanku?"

Daso ta dubi Kaka. Kaka ta ce yanzu ba baƙo. Daso ta yi tunani, da gaske ta yi tunani, kamar wadda aka ba amana. Sannan ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Yimɓe."

"Mi ke nan?"

Kaka ta yi 'yar dariya, ta farko a daren. "Mutane. Da Hillanci ke nan. Mutane."

Na ji kamar an cuce ni. Na ce shekara da shekaru muna faɗawa rijiya, kura tana cin Nafi'u, ashe duk a kan "mutane" ne?

"To da mi kike so su kira kansu? Dodanni?"

"Amma shi na sunan na gaskiya? Wanda kika ɓoye muna?"

"Ni ina nis sani?" ta ce. "Ni 'yar tudu ta, kamar ke. Haka kakata ta ba ni ita, babu sunan. Ban taɓa samun mai shi na tambaya ba sai yau."

Ba a rufe gatanar ba daren nan. Babu wanda ya tuna.

Daso ta yi 'yan kwanaki a ɗakin Kaka, ana gasa mata ƙafa. Da Baba ya dawo ya ji, ya yi zaman da ban taɓa gani ya yi ba, kansa a tsakanin gwiwoyinsa. Wata safiya ya ɗora ta a bayan babur kamar 'yarsa zai kai asibiti, ya kai ta wani wuri a hanyar Gummi inda aka ce danginta sun taru. Ya ce wata tsohuwa ta karɓe ta. Bai ga uwar ba. Hijabina ya tafi tare da ita, kuma ina so a rubuta cewa ban yi ƙorafi ba sai sau kaɗan. Rugar ta tashi a watan. Shekara ba ta zagayo ba mutanen daji suka dawo, wannan karon cikin gari, muka kwana a dawa mu ma, da safe muka kama hanya da abin da kai zai iya ɗauka. Kaka ta zo Gummi da mu amma ba ta sake zuba gyaɗa a toka ba. Ta ce murhun haya ba ya riƙe labari. Ta rasu a damina ta biyu.

A nan 'yan gudun hijira ake ce mana. Ba da mugunta ba, yawanci. Amma na lura in guga ya ɓata a rijiyar unguwa, ƙofarmu ake fara kallo, kuma ba a taɓa tambayarmu me muke kiran kanmu ba. Da an tambaya ma ban da wata amsa mai ban mamaki.

Na daɗe ina ba da labarin nan a makaranta a matsayin ranar da bakina ya ceci rai. Nakan ƙara gishiri, addar takan yi tsawo, samarin su zama ɗari. Ana dariya. Sai kwanan nan, da na kai kusan shekarun da Lawwali yake da su a lokacin, na daina jin daɗin ba da shi haka. Bakina bai ceci kowa ba, rami ya haƙa. Ɓawon ya buɗe. Abin da ya tsaya tsakanin Daso da mutanen zaure takalmin wani saurayi ne da aka kashe wa ɗan'uwa a makon, wanda da ya ɗaga murya babu mai ganin laifinsa a garin nan.

Ban san inda yake ba yanzu. Wasu sun ce Anka, wasu sun ce ya tafi haƙar zinariya. Ban san ko Daso ta ga uwarta ba. Abin da yake hana ni sakewa wani ne daban. Nafi'u ya girma, ya fara bin Baba gona a bayan gari, kuma duk yammar da suka makara ina tsaye a bakin ƙofa ina sauraren babur. A irin wannan tsayuwa nakan tambayi kaina, in wata rana bai dawo ba, sannan a makon aka miƙa mini ɓawo a gaban 'yar wasu, ya faɗi a buɗe, me ƙafata za ta yi. Ina so in ce na sani. Ni da ba a taɓa rasa amsa a bakina ba, wannan ɗaya har yau ban samu ba.